Shayar da Bebe

Ku ajiye salular nan tukuna, ku matso inuwa. Kai mai jar riga, ba kai ne ɗazu ka ce wa ɗan'uwanka aikin basan kifi ai rami ne da siminti da tiyo, sati biyu ya ishi mutum ya ƙware ba? Na ji ka sarai, tsufa bai kai ga kunnena ba tukuna. Kuma ban ce ka yi ƙarya ba. A sati biyu zan iya koya maka gina basan da zai riƙe ruwa ba ya yoyo, amma wannan kowane magini a Gaya zai yi maka shi. Mu abin da ake kiranmu dominsa shi ne fitar ruwa: ta ina zai fita, wane ruwan ne zai fita, sannan me zai faru ranar da ya ƙi fita. Na haura shekara talatin a wannan sana'a, kuma har gobe in aiki ya kawo ni wurin nan sai na ajiye cokalin gini na zauna na yi tunani.

Aikin da na fara sa hannu a cikinsa na wata garka ne a hanyar Bengou, a ƙarƙashin maigidana Namata, Allah Ya jiƙansa. Lokacin ni ba yaro ba ne, na yi leburancin gini har kafaɗuna sun yi kanta, ina da mata da ɗiya ɗaya. Namata Dendi ne, ɗan gidan masunta, ya bar kogi ya je Malanville ya koyi aikin famfo ya dawo. Gajere ne, baƙi, magana kuwa sai ka ce sayenta yake yi. Kayan aikinsa duka buhu ɗaya ke ɗauka: nibo na auna daidaito, zarto, igiya, cokalin gini, gwangwanin kol na haɗa tiyo, da wata tsohuwar butar ƙarfe wadda ban taɓa ganin ya yi alwala da ita ba. Da muka gama basan muka sako ruwa, ina jira ya nuna mini yadda ake yanka tiyo, sai ya nuna mini gindin mangwaro.

"Zauna nan ka saurara."

"In saurari me, maigida?"

"In ka ji za ka sani."

Kwana uku ina zuwa ina zama. Wallahi raina ya ɓaci, har na ce wa maiɗakina ni ban zo duniya don in yi gadin mangwaro ba, gobe ba ni komawa. Na dai koma. A rana ta uku ne na gane tiyon fitar ruwa yana da murya. In lafiyarsa ƙalau, wani ƙugi yake yi ƙasa-ƙasa, bai ɗaya, ba ya yankewa. In dauɗa ta fara taruwa a bakinsa sai ya riƙa shaƙewa yana saki, kamar tsohon da ke kurɓar kunu mai zafi. In kuwa ya yi tsit alhali famfo na zuba, to tashi tsaye. Shi ya sa Namata ke kiransa mai magana, kuma sunan da nake kiransa ke nan har yau.

Sai bayan wannan ya yarda na riƙe zarto. Tiyon farko da na yanka, bakinsa ya karkace da abin da bai kai kaurin farce ba. Ya ɗora nibo a kai, ya dube ni, ya jefar da shi. Na biyu na cika masa kol har ya taru ta ciki, ya zura yatsa ya ji tudun, ya ce a nan dauɗa za ta fara maƙalewa, shi ma ya jefar. A wurinsa na koyi cewa ƙofar fita dole ta fi ƙofar shiga faɗi, don ruwan da ke shigowa famfo ne ke tura shi, mai fita kuwa ba mai tura shi, kuma ba shi kaɗai yake fita ba, da kashin kifi da ragowar abinci yake tafe. Ke ɗiyata mai rubutu a kaye, wannan ki rubuta shi.

Mai magana iri-iri ne, kuma nan ake gane wanda ya iya da wanda ya ga ana yi. Akwai masu tsaga bangon basan daga sama su bar ruwa ya malala. Shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi wauta, don ruwan sama shi ne mai kyau. Ka zubar da mai kyau ka bar wa kifi ƙazantarsa a gindi tana ruɓa. Akwai masu kafa tiyo ɗaya tsaye a tsakiya, shi ma ruwan sama yake sha, ga haɗiye ƙananan kifi. Akwai na gwiwa a waje, wanda ake kwantarwa ko a tayar don a rage ruwa ko a ƙara. Yana da kyau, amma ba na yi wa mai awaki shi, don akuya ɗaya in ta sosa jikinta a kai ta kwantar da shi, kafin ka dawo basan ya ƙafe. Wanda Namata ya fi so shi ne mai riga. Ka kafa siririn tiyo daidai tsayin ruwan da kake so, ka zura masa babba a kai kamar riga, wanda ya ɗara bakin basan tsawo don kada kifi ya faɗa ciki, ka yayyanka ƙasan rigar. Dole ruwa ya shiga ta ƙasa, ya hau tsakaninsu, ya faɗa cikin siririn, ya tafi da dauɗar gindi zuwa ramin tsakuwa da ke waje, inda take kwanciya kafin ruwan ya wuce garka. Namata ba ya zaɓen tiyo sai ya ga kifin, ya ga ruwan, ya ga mai basan. Malalaci akwai nasa, mai yawan tafiya akwai nasa.

Amma kowanne ya zaɓa, ba ya barin wurin sai ya sa na biyu. Gajeren tiyo ne da ke ratsa bango, yatsa huɗu sama da fuskar ruwa, da raga a bakinsa na ciki, a waje kuma ya yi gwiwa ya dubi ƙasa. A ƙarƙashinsa sai ya jingina fallen tol, wato kwanon rufi, bisa duwatsu biyu. Wannan tiyo ba ya aikin komai. Shekara na iya zagayowa ɗigo bai bi ta cikinsa ba. Sai ranar da mai magana ya toshe, ruwa ya hau, shi ne zai karɓa, ya kwararo bisa tol da ƙarar da za a ji daga garka ta uku. Namata na kiransa bebe. Ya ce ranar da bebe ya yi magana, ko tuwo kake ci ka tsame hannu ka zo da gudu.

To ga abin da na tara ku dominsa. Duk basan da muka gama, kafin mu tafi, Namata zai ciro butar nan tasa ya cika ta, ya je bakin bebe ya ce, "Bismillahi, sha," ya tuttula masa ita, ruwan ya fito ta waje ya bugi tol. Sannan ya juyo ga mai basan ya ɗaga yatsa: "Kowace Juma'a ka shayar da shi buta ɗaya. In ka bar shi da ƙishirwa, ranar da ka neme shi ba zai amsa ba." Iyakar bayaninsa ke nan. Kada ku yi dariya, ni ma na yi irinta, za ku ji inda ta kai ni. Babu wanda ya taɓa tambayarsa dalili. Mutanen bakin kogi ba sa mamakin irin wannan, sun taso suna ganin kakanninsu na yi wa ruwa magana, suna zuba masa nono kafin a shiga su.

Akwai wani alhaji mai kamiyoyi, manyan motocin kayan nan, ba zan faɗi sunansa ba, da ya sayo akwatin gilashi daga Kotonu da kifayen teku masu launi, shuɗi da rawaya, waɗanda ba a ci, ruwansu ma na gishiri ne da ake haɗawa. A falonsa ya kafa shi, da ƙaramin akwati a ƙasa inda ruwa ke sauka a tace shi a mayar sama. Ƙarar saukar ruwan ta hana shi jin maganar baƙinsa, ya aiko aka kira mu. Namata ya sa robine, wato kan famfo, a tiyon, ya riƙa matse shi kaɗan-kaɗan har tiyon ya cika fal babu iska a ciki, ƙara ta ɗauke. Alhaji ya washe baki. Namata ya ce tunda an rufe wa mai magana baki, dole a huda gilashi a sa bebe. Alhaji ya ce gilashinsa ba mai huda masa shi. Namata ya buɗe robine ƙarar ta dawo, ya fara zuba kaya a buhu. Sai da alhajin ya biyo mu har ƙofar gida yana ba da haƙuri. Aka sa bebe, uwargidansa ta ɗauki shayarwar Juma'a ba ta fashi. Shekara biyu bayan nan dodon-koɗi ya shige mai magana ya toshe shi, bebe ya karɓa, ko shimfiɗar falon ba ta jiƙe ba.

Ni kuwa a shekarun nan kaina ya fara girma. Wani furoje, irin shirin tallafin nan, ya zo da horon kiwon kifi, aka kai mu Dosso sati shida, aka ba mu takarda mai hatimi. A can an koya mana lissafin faɗin tiyo da yawan ruwa, har tiyo na biyu an zana mana a allo, amma ba wanda ya ce a ba shi ruwa ya sha. Ga shi kuma lokacin na kama zuwa ɗaukar karatu bayan la'asar, ina jin ana jan kunne a kan camfe-camfe. Malaman ba su taɓa cewa komai a kan tiyo ba, kada ku ɗora musu, ni na yanke hukuncina da kaina. Na dubi tsoho ɗan masunta yana ce wa roba "sha", na ce a raina wannan ragowar bautar ruwa ce ya lulluɓe ta da bismilla. Kunya nake ji in ya yi a gaban mutane, sai in juya baya in yi kamar ina naɗe igiya. Shekara goma sha biyar ina tare da mutumin nan, kullum muna ci a kwano ɗaya, ban taɓa buɗe baki na ce maigida mene ne dalili ba. Da Allah Ya karɓi ransa, matarsa ta ba ni buhun kayansa. Na ɗauki nibo da zarto da sauran, butar kuwa na rataye ta a bayan ɗaki.

Aiki na uku da na yi ni kaɗai na Baba Tanimu ne. Wasunku sun san shi, shi ne dattijon nan mai ɗinkin taru a gindin gada. A lokacin masunci ne mai jirgin kansa, sa'an Namata ne kuma abokinsa. Kogi ya fara rowa, a wuni ana jan taru a fito da abin da bai cika ƙwarya ba. Sai ya yanke shawara zai kama ramboshi, babban ɗan'uwan tarwaɗar nan mai faɗin kai, ya raine su su zama iyaye, ya riƙa matsar ƙwai yana ƙyanƙyasa, yana sayar wa masu basan ƴaƴan. Damina guda ya yi yana zaɓe, yana ajiye na kirki a keji cikin kogi, wanda bai yi masa ba ya kai kasuwa, har ya tara goma sha biyu, mata takwas, maza huɗu. Daga nan ya sayar da jirgin da tarun, ya sayi siminti da pano mai ɗaukar hasken rana da famfon da rana ke juyawa. Ku ƴaƴan Gaya ne, kun san abin da ake nufi a ce masunci ya sayar da jirginsa. Duk abin da ya mallaka ya koma kifin nan goma sha biyu.

Na yi masa aiki mai kyau, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Garkarsa na kan tudu, nesa da gaɓa, ƙasar duk rairayi. Na dubi kifin, manya ne masu yawan kashi. Na dubi mai su, mutum ne mai zumunci, ba ya rasa suna ba ya rasa jana'iza, ba kullum yake garka ba. Na zaɓa masa mai riga. Na bar kamu guda tsakanin ruwa da bakin basan saboda ramboshi akwai tsalle. Na sa bebe, na jingina tol. Ranar da muka sako kifin daga keji, ya tsaya yana kallonsu suna zagaye, sannan ya waiwayo.

"Mamane, ina butar?"

"Wace buta, Baba?"

"Ta abokina. Na ga duk inda ya yi aiki yana shayar da wannan na saman, yana cewa a riƙa yi duk Juma'a. In riƙa yi ne?"

Ina tuna inda nake tsaye, ina tuna ina kankare kol daga yatsuna. Na yi ƴar dariya irin ta wanda ya je Dosso ya dawo.

"Baba, bar wannan. Camfi ne kawai na mutanen da. Tiyo roba ne, ba ya jin ƙishirwa."

"To, kai ne ka yi karatun abin," ya ce. "Allah Ya raba mu da camfi."

Na ce amin.

Shekara uku yana rainon kifin nan. Hanjin kaji daga kasuwa, garin ƙananan kifi da dussa, duk da hannunsa yake ba su. Ya san su ɗaya-ɗaya, akwai mai tabo a ka, akwai mai guntun gashin baki. Ya ɗebo kainuwa daga fadama ya zuba musu don inuwa, na ce ya riƙa tsame wadda ta mutu, yana kuwa yi. Ni ma ina leƙawa duk bayan wata biyu, in saurari mai magana, in wanke ramin tsakuwa. Bebe kuwa in dubi bakinsa ta ciki, in ga raga fes, in wuce. Ko sau ɗaya ban durƙusa na leƙa gwiwar ta waje ba. A bazarar shekara ta uku matan suka cika, cikinsu ya yi taushi, in ka danna kaɗan sai ka ga ƙwan. Masu basan tun daga Bengou har Zabori sun riga sun ce a ajiye musu ƴaƴa. Muka sa rana, nan da sati biyu za mu matsa.

Ranar wata Laraba aka aiko wa Baba Tanimu ƙanwarsa ta rasu a Bengou. Ya ba kifi abinci da sassafe ya hau kabu-kabu. Famfon pano ba ya jiran kowa, rana ta fito ya fara, rana ta take ya ƙara ƙarfi. Zafin satin nan ya kashe kainuwa da yawa, ta nutse, saiwoyinta suka bi ruwa suka liƙe a yankan rigar. Mai magana ya shaƙe ya yi tsit. Ruwa ya hau yatsa huɗu ya iske bebe, bebe bai karɓa ba. Ya ci gaba da hawa har ya cinye kamun nan da na bari, ya malalo ta baki.

Bayan la'asar salulata ta yi ƙara. Muryar Baba Tanimu ce, babu ko gaisuwa.

"Mamane, zo garka."

Na iske famfo na zuba har lokacin, ko kashe shi bai yi ba, ruwa na bin bango ta ko'ina. Na fara cire wayar pano, sannan na ga sawun. Ruwan ya yi hanya cikin rairayi kamar taku ashirin zuwa wajen darni, a nan rairayin ya shanye shi. Kifin sun bi hanyar, kun san yadda suke jan ciki, har inda ruwan ya ƙare, suka ci gaba bisa busasshen rairayin da rana ta gasa tun hantsi. A nan suke kwance, fata ta bushe ta yi fari, ƙudaje sun rufe su. Wasu ƙwan ya fito ya manne da yashi. Baba Tanimu na tsugune yana juya su ɗaya-ɗaya, yana share musu yashi daga ido da babban yatsa. Na ƙirga, takwas. Na koma basan na leƙa, huɗu na kwance a gindi. Na shiga da tufafina na kama su ina dubawa. Duk maza.

"Ba laifinsu ba ne," ya ce, bai ɗago kai ba. "Mai ƙwai in ta ji ruwa na tasowa, ɗauka take damina ce ta zo. Fita take yi ta nemi ciyawa ta zuba. Haka suke yi a kogi tun kafin a haife ni."

Maƙwabcinsa Saley, mai garkar rake, yana tsaye bakin darni ya riƙe baki. Wuni ya yi a garkarsa yana ban ruwa, tsakaninsa da basan bai fi taku talatin ba, raken ne ya kare masa gani.

"Wallahi, Baba," ya ce, "da tol ɗin nan ya yi ko ƙwas da na ji. Ni da na san inda ake cire wayar!"

Na ɗauko zarto na yanke gwiwar bebe. Cike take da laka busasshiya, ɗaki-ɗaki. Zanzaro ne. Ya samu rami mai duhu wanda ba mai taɓawa, ya gina gidansa, na bayansa ya zo ya gina a kai, shekara uku, har tiyon ya toshe kamar an yi masa yaɓe. Ina riƙe da ita a hannu maganar Namata ta dawo mini tiryan-tiryan: in ka bar shi da ƙishirwa, ranar da ka neme shi ba zai amsa ba. Lakar sati ɗaya, buta guda ta isa ta wanke ta. In kuma ka zuba ba ka ji tol ya amsa ba, ka san da matsala tun ranar. Juma'a kuwa don ita ce ranar da ba mai mantawa da ita. Asirin ke nan kaf, babu aljani a ciki, babu bori. Na zauna a jiƙaƙƙen rairayin nan, na ji na tsani kaina.

Ni da Saley muka kwashe su a buhu muka kai gida. Matar Baba Tanimu, Inna Hajo, ta feɗe waɗanda ba su lalace ba don ta yi banda. Ƙwan da ta kwaso ya cika ƙwarya biyu. Ta tsaya da wuƙa a hannu tana kallonsa, ta ce, "Yanzu wannan duk ƴaƴa ne?"

Wannan ita ce muguwar shekarata. Labari ya zaga Gaya har ya haye gada, cewa basan Mamane ya kashe iyayen kifin Tanimu. Wata bakwai ba wanda ya kira ni aiki, na koma leburanci a hannun maginan da ni na koya wa riƙon nibo, kuma ban ga laifin kowa ba. Abin da na iya yi shi ne na sauko da butar daga bayan ɗaki, na kankare tsatsarta, na bi duk basan da na gina bayan Namata, guda tara, ina shayar da bebe. Shida ba su amsa ba.

Na nemi ramboshi mata in mayar wa Baba Tanimu. Na bi masunta tun daga nan har ƙauyukan ƙasa da gada, na haye Malanville, damina biyu ina nema. Waɗanda ake samu ƙanana ne, irin nasa sun yi wuya a kogi. Shi kuma shekaru sun ja, ba shi da wasu uku na jira, ba shi da jirgin da zai shiga ya zaɓa da idonsa. Mazan huɗu ya sayar wa mai tuya. Pano ya koma garkar wani. Shi ne kuke gani a gindin gada yana ɗinke tarun waɗanda shi ya koya musu su.

Gwiwar beben ga ta nan, ban yar da ita ba, ku karɓa ku zagaya da ita, kowa ya leƙa. Tun daga shekarar nan ba na barin basan sai na rataye buta a jikinsa, na nuna wa mai shi wannan, na faɗa masa dalili da baki dalla-dalla. Kuma ina cewa "Bismillahi, sha" da ƙarfi yadda kowa zai ji, duk mai son dariya ya yi.

Abin da ya fi ci mini rai, Baba Tanimu bai taɓa zagina ba, bai kai ƙarata ko'ina ba, in mun haɗu ma shi ke fara gaishe ni. Sai bayan shekara biyu na samu ƙarfin zuwa gindin gada na zauna kusa da shi na nemi gafara. Yana ɗinki, hannunsa bai tsaya ba. Ya ce ya yafe tun ranar, haka Allah Ya ƙaddara. Har na yunƙura zan tashi sai ya ce in zauna, akwai abu ɗaya da yake son sani.

"Ranar nan da na tambaye ka zancen buta, ka ce mini camfi ne. Bincike ka yi ka gano camfi ne, ko dalilin ne ba ka sani ba?"

Na ce, "Dalilin ne ban sani ba, Baba."

Ya ja zare ya ƙulle, ya cije ragowar da haƙori ya tofar.

"To ai da haka ka ce mini, Mamane. Da ka ce ba ka sani ba, da na zuba. Buta ɗaya ce fa."

Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Kai mai jar riga, ga butar can rataye. Je ka ciko ta, mu fara.